Wolverine, Tormek ko ProEdge: wanne za ka sa a taho maka da shi?

Malam, na karanta tambayarka. Ka ce kana da injin juya katako, ka sayi cizal-cizal na HSS, wato ƙarfe mai tauri da ke jure zafi, amma duk sanda ka kai gauj, wato cizal mai kwarmi, bakin giranda da hannu sai bakinsa ya fito fuska-fuska, yau kusurwa daban gobe daban, ƙarfen kuma sai raguwa yake. Ga ƙaninka zai dawo daga Ingila, ya ce ka zaɓi ɗaya cikin kayan washi uku: Wolverine, Tormek T-8 da ProEdge.

Kafin a shiga sunaye, ka gane abin da za ka saya. Dukkansu ukun suna fitar da kaifi. Abin da mariƙin washi, wato jig, yake ba ka shi ne maimaituwa: cizal ya koma kan dutse a daidai kusurwar da ya baro jiya. In haka ta samu, shafa biyu ko uku ta wadatar, ƙarfen da zai tafi bai taka kara ya karya ba. In ba ta samu ba, kowane washi sabuwar ƙira ce, shi ya sa gauj ɗinka ke gajercewa. Mai juya katako kuwa ba kamar kafintan teburi ba ne. Akushi mai faɗin inci 10 da ke juyawa sau 800 a minti yana goga wa bakin cizal katakon da ya haura mita 600 a minti guda. Dole ka koma wurin washi sau da yawa kafin ka gama akushi ɗaya, don haka tsarin da ke cin lokaci, komai kyansa, za ka wayi gari kana ƙyuyar zuwa gare shi.

Wolverine na kamfanin Oneway ne, da ke Stratford a lardin Ontariyo na Kanada. Shi ba inji ba ne, ƙarafa ne kawai: mazauni biyu da ake ɗaurewa a ƙarƙashin duwatsun giranda, dogon hannu mai aljihu a ƙarshensa, da faranti da ake karkatawa. Gauj mai baki kamar farce yana buƙatar ƙarin wani mariƙi da ake kira Vari-Grind, kuma sau da yawa daban ake sayar da shi, ka gaya wa ƙaninka kada ya baro shi. Ana cusa gauj ɗin ya leƙo da inci 1¾ ko inci 2, a ɗaure, a sa ƙafar mariƙin cikin aljihun, a riƙa karkata shi dama da hagu. Abu uku ne ke tsayar da siffar baki: yadda aka karya ƙafar, tsawon leƙowar, da nisan aljihu daga dutse. Ka huda rami mai zurfin inci 2 a guntun katako ka kafa shi kusa da giranda, ka gama da maganar leƙowa har abada.

Amma Wolverine daidai yake da girandar da aka ɗora shi. Wadda ta fi dacewa ita ce mai dutse inci 8 mai juyawa a hankali, kimanin sau 1,725 a minti a wutar Amurka, ko wajen 1,450 a irin tamu. Girandar masu walda mai gudun kusan 3,000 da dutse mai ruwan toka tana zafafa ƙarfe tana cinye shi. Farin dutse ya fi, sai dai yana son a riƙa gyara fuskarsa da magyarin daimon, kuma yana ƙanƙancewa, kusurwa na sauyawa tare da shi. Faifan CBN ya kawar da wannan duka, domin ƙarfe ne da aka lulluɓe da ƙwayoyi masu tsananin tauri, girmansa ba ya canjawa, ba ya tarwatsewa. Mai lamba 180, wato mai laushi, ya isa washin kullum, mai lamba 80 kuwa mai kaushi ne, na sake ƙirar baki. Sharaɗinsa ɗaya: kada ka kai masa ƙarfe mai taushi, zai toshe shi.

Gargaɗi ɗaya a nan, kuma da gaske nake. Dogon hannun nan yana jan hankalin mutum ya zuba ƙotar kowane cizal a aljihu. In kusurwar baki ta miƙe sosai, dutse na iya fizgar cizal ɗin ƙasa ya matse shi, dutsen ya fashe. Makankari da duk mai baki tsaye, kan faranti ake wasa su.

Tormek ɗan Suwidin ne, daga garin Lindesberg, kuma tun 1973 ake yin sa. T-8 yana da dutse mai faɗin milimita 250 da ke juyawa sau 90 kacal a minti cikin kwamin ruwa. Babu tartsatsi, babu ƙurar ƙarfe a iska, ƙarfe ba ya ƙonewa. A shagon da dusar katako ta cika ko'ina, rashin tartsatsi ba ƙaramin abu ba ne. Mariƙansa su ne suka fi na kowa tsari: SVD-186 R na gauj, SVS-50 na cizal mai karkataccen baki, SVD-110 na makankari, sannan ma'aunin TTS-100 da ke mayar maka da kusurwa daidai ko da dutsen ya ci. A ɗaya gefen akwai faifan fata na goge baki. Kaifin da ke fitowa daga nan ya fi na busasshiyar giranda laushi, kuma a kan katako mai taushi za ka ga bambancin a jikin aikin.

Inda yake gaza mai juya katako shi ne sauri. Taɓa bakin da ya riga ya samu siffa ba ya daɗewa, amma sake wa gauj na HSS ƙira a dutsen da ke juyawa sau 90 aiki ne na zama. Bakin gauj kuma ƙarami ne, yana yi wa dutsen kwari in ba ka riƙa yawo da shi ba, sai an sake daidaita fuskarsa. Kamfanin da kansa ya san da haka, shi ya sa ya fitar da BGM-100, wanda ke ba ka damar amfani da mariƙansa a kan busasshiyar giranda. Sannan kuɗinsa: injin kaɗai ya ninka Wolverine, mariƙan cizal kuma daban ake biya. Nauyinsa ya kusa kilo 15, ƙaninka zai ji shi a awon kaya.

Akwai wanda Tormek ne nasa ba tantama. In cizal ɗinka na tsohon ƙarfe ne, irin wanda maƙeri ya ƙera daga sifirin ɗin mota, da zarar bakin ya yi shuɗi a giranda taurinsa ya tafi, sai ka cinye wurin duka. Ruwa ne maganin wannan. HSS kuwa ba ya rasa tauri don ya yi shuɗi. Abin da ba ya so shi ne a tsoma shi cikin ruwa yana da zafi, domin bakin na iya yin ƙananan tsagu da ido ba ya gani. Tunda ka ce naka HSS ne, babbar fa'idar Tormek ba kai take yi wa aiki ba, sai dai in kana kuma wasa wuƙaƙe, almakashi da ruwan filen a shagon.

ProEdge na Robert Sorby ne, tsohon gidan ƙera kayan aiki a Shefild. Shi da bel yake aiki, mai faɗin milimita 50, yana gudana a kan shafaffen ƙarfe. Farantinsa na da ramukan kusurwoyi da aka riga aka tsayar, irin su digiri 15, 25, 45 da 80, ka zare fil ka mayar, shi ke nan. Canja bel daga mai kaushi zuwa mai laushi bai kai minti ba, don haka yana sake ƙira da sauri, yana kuma gogewa. Gangaren bakin da yake bayarwa shafaffe ne, ba mai ɗan lotsawa irin na dutse ba. Wasu sun fi son haka a cizal mai karkataccen baki, kuma ina ganin suna da gaskiya. Damuwata da shi ɗaya ce: bel yana ƙarewa, kuma girmansa na injin ne. In babu mai kawo maka akai-akai, ranar da na ƙarshe ya sule injin ya zama ajiya.

Wata magana da ta shafi mu kai tsaye ita ce wuta. Tamu bolt 230 ce, daidai da ta Ingila, don haka Tormek ko ProEdge da aka saya can zai yi aiki a nan. Wanda aka saya a Amurka na bolt 120 ne, sai da taransifoma. Wolverine babu ruwansa da wannan, tunda ba shi da mota.

Da ni ne kai, da HSS a hannu, Wolverine da Vari-Grind zan ce a taho da su, sauran kuɗin a saka a faifan CBN mai lamba 180. Ka fara auna kaurin sandar girandarka ka tura wa ƙaninka, domin akwai mai inci ⅝ akwai mai milimita, kuma faifan da bai zauna daidai ba rawa zai yi ta yi. Ka ɗaga girandar a kan katako har tsakiyar dutse ta kai kimanin inci 6¼ zuwa 6½ daga inda mazaunin yake.

In kayan sun iso, kada ka yi ta gwada kusurwoyi. Tsayar da gauj ɗin akushi a digiri 55 ko kusa da haka, na ƙafafun kujera a 35, makankari a 75, ka zauna a kansu wata uku. Kafin ka kunna inji, shafa wa gangaren bakin maka baƙa, ka jingina shi, ka juya dutsen da hannu. In tawadar ta goge daga sama har ƙasa, saitinka ya yi. In a dunduniya kaɗai ta goge, ko a tsini kaɗai, matsar da dogon hannun mai aljihu kaɗan ka sake dubawa. Kuma ka sani mariƙin kusurwa kawai yake riƙe maka, siffar fukafukan gauj tana hannunka: inda ka daɗe, nan ƙarfe zai fi tafiya. Tsinin ya fi ko'ina saurin ci, don haka ka fara da gefe ɗaya, ka koma ɗayan, sannan ka haɗe su ta tsakiya da wucewa ɗaya mara nauyi.