Asibitin dabbobin da ya duba mana kumburin shanu da doki, ga ra'ayina

'Yan uwa masu kiwo don Allah in dabba ta yi kumburi a haɓa ko muƙamuƙi a daina saurin tsira mata allura, a nemi irin asibitin nan da likitansu ke zuwa har garke, ni dai na gamsu da aikinsu sosai duk da akwai inda suka gaza.

Shanu biyu muka nuna masa, a ido kumburin nasu iri ɗaya ne amma likitan bai tsaya a ido ba, ya sa safar hannu ya buɗe bakin ta farko ya kamo harshen ya ce in taɓa, wallahi tauri kamar icce, ga yawu sai dalala yake ta kasa tauna komai. Ya ce ƙwayar cutar Actinobacillus lignieresii ce, wai dama tana zaune a bakin saniya lafiya lau, sai ƙaya ko busasshen kara ya yanke ta sannan ta samu hanyar shiga nama. Ya yi mata allurar sodiyom ayodaid ta jijiya, miligiram 70 kan kowane kilo na nauyinta, za a maimaita bayan kwana 7 zuwa 10, kuma kafin ma ya zuƙo maganin sai da ya tambaya ko tana da ciki, don ana kaffa-kaffa da shi a mai ciki. Ya ja mana kunne in mun ga hawaye da tari ko fatarta na zubar da amosani to maganin ya mata yawa, a kira shi. Ba a jima ba ta koma kiwo abinta.

Ta biyun ce ta sa na ƙara ganin girmansa. Nata kumburin a ƙashi yake, ko ka tura ba ya motsi, ya matso mugunyar ya nuna min wasu 'yan ƙwayoyi rawaya-rawaya a ciki ya ce ƙwayar cutar Actinomyces bovis yake zargi, kuma ya faɗa min ƙiri-ƙiri ƙashin da ya riga ya lalace ba zai koma daidai ba, iyakar magani ya tsayar da ciwon kar ya ci gaba. Raina bai so jin haka ba amma na ji daɗi da bai yi ta jan mu da allura yana karɓar kuɗi a banza ba.

Dokin kuwa tun bayan dandaƙa wajen ya ƙi warkewa, ya yi ƙulli mai tauri yana tsiyaya. Sai da ya leƙa hancinsa ya shafa ƙafafu da wuya tukuna, saboda yana duba alamun wata ƙwayar cuta, Burkholderia mallei, da ke kama doki kuma tana kama mutum. Gwaji ya nuna wata ƙwayar cutar ce daban, Staphylococcus aureus, ya ce magani ba ya ratsa irin wannan ƙullin sosai sai an yanke, aka yi aikin kuma Alhamdulillahi ya rufe tas.

Inda suka ɓata min rai shi ne sakamakon gwajin, ya daɗe ƙwarai, ka kira waya ba a ɗauka, doki na shan wahala kai kana zaune ba ka san halin da ake ciki ba. Sannan ba sa rubuta maka sunan magani da ranar maimaitawa sai ka matsa, don haka in sun zo ka ajiye biro da takarda kusa ka sa likitan ya rubuta kafin ya hau mota.