Highlander ko 4Runner: wacce ta fi dacewa da jan ƙaramar tirelar kwana?

Ɗan'uwanmu da ke zaune a Amurka ya yi tambaya. Yana son sayen ƙaramar tirela irin mai gado da kicin a ciki, wadda iyali ke ja zuwa hutu. Nauyinta babu kaya fam 3,200, shi da maiɗakinsa da yara uku ne za su riƙa tafiya, kuma yana tsakanin Toyota Highlander ta 2021 mai inji V6 da 4Runner ta 2019.

Malam, a takarda kunnen doki suke: kowacce kamfani ya ce tana jan fam 5,000, wajen kilo 2,270. Amma in Highlander ɗin mai haɗa fetur da lantarki ce, iyakarta fam 3,500, to wannan ka cire ta daga lissafi tun yanzu.

Ginin motocin ya bambanta. 4Runner bodi ne aka ɗora kan shasi, kamar a-kori-kura, kuma ƙarfen ja, wato wanda ake maƙala tirela a bayan mota, a jikin shasin yake ɗaure. Highlander kuwa bodi da shasi a haɗe suke kamar ƙaramar mota. Injinta ya fi na 4Runner ƙarfi, ƙarfin doki 295 a kan 270, giyarta takwas, ta 4Runner biyar. Tazarar tayoyin gaba da na baya ma ta ɗan fi, inci 112 a kan 110, kuma ta fi kusa da ƙasa, don haka a kan kwalta ta fi natsuwa. 4Runner ta fi nisa da ƙasa, sifirin ɗinta na baya mai laushi ne saboda an yi ta don daji. Da ka ɗora tirela za ka ga bayanta ya zauna, fitilun gaba suna kallon sama. Amma ta fi jure wahala da hanyar burji.

Sai dai ba fam 5,000 ɗin nan ne zai fara tsayar da kai ba. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai wata takarda da aka manna wadda ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka. Wannan lambar ita ce alƙali, kuma tana bambanta daga mota zuwa mota ko da shekararsu ɗaya. Fam 3,200 da dillali ya faɗa maka nauyin tirela ne babu ruwa, babu tukunyar gas, babu batir. Galan ɗaya na ruwa fam 8.3 ne, tankin galan 30 kaɗai ya kai fam 250. Ƙara abinci, tukwane, barguna da kekunan yara, ka kai fam 3,800 cikin sauƙi. Hancin tirela, wato abin da yake danne ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota, ya kamata ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na wannan nauyin. Kashi 12 ya ba ka fam 456, alhali iyakar motocin biyu a nan fam 500 ne. Wannan 456 ɗin a cikin kayan mota ake lissafa shi. In ku biyar da jakunkunanku kun kai fam 650, jimilla ta haura 1,100, kafin nauyin ƙarfen haɗin kansa. Je da wannan lambar wurin kowacce mota ka gwada ta da takardar ƙofa. Kada girman 4Runner ya ruɗe ka, sau da yawa abin da aka rubuta mata bai kai yadda ido ke tsammani ba.

Wajen birki 4Runner ta fi sauƙin sha'ani. Tirela mai wannan nauyi tana da birkin lantarki nata, kuma ba zai yi aiki ba sai da soket mai baki bakwai da na'urar sarrafa birki a gaban direba. 4Runner tana zuwa da soket ɗin, na'urar kawai za ka saya. Highlander galibi mai baki huɗu ake samu, wanda wutar fitilun baya, birki da sigina kawai yake kaiwa, sai mai gyaran waya ya ja maka sabbin layuka daga batir. Bayan an haɗa, nemi fili, ka yi tafiyar mil 20 zuwa 25 a awa, ka matsa ɗan hannun na'urar ba tare da taka birkin mota ba. In tayoyin tirela sun kulle suna jan ƙasa, rage lambar ƙarfin birki a jikin na'urar. In ba ka ji ta riƙe ka ba, ƙara.

Akwai ƙarfen haɗi mai sanduna biyu da ke mayar da nauyi zuwa tayoyin gaba. Ya dace da 4Runner, yana gyara zaman bayan nan. A Highlander kada ka sa sai littafin motar da rubutun jikin ƙarfen ja sun yarda, domin murɗawar da yake yi bodi ne ke ɗaukarta. Abin hana lilo kuwa kowacce tana buƙata.

Lilon nan shi ne ke kifar da mutane. Yana farawa ne idan an tara kaya a bayan tirela hanci ya yi sauƙi, aka haɗa da gudu, sai babbar mota ta wuce ta turo iska. A madubi za ka ga wutsiyar tana kaɗawa hagu da dama, kowane zuwa ya fi na baya faɗi. Ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, kada ka danna birkin mota, ka matsa hannun na'urar don tirela ta ja kanta ta miƙe. Rigakafinsa: kashi 60 na kaya a gaban tayoyin tirela, a ƙasa, a ɗaure, iskar taya a auna da safe kafin ta yi zafi, gudu kada ya wuce mil 60 zuwa 65. A Kalifoniya doka ma 55 ta ce wa mai jan tirela.

A hawa, inji marar tobo yana rasa wajen kashi 3 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000 ta tsayi, don haka a duwatsun Kolorado duk biyun za su yi nishi. Riƙe 4Runner a giya ta huɗu don man giya kada ya yi zafi, a gangara kuma sauko da giya, kada ka kwanta kan birki.

Da a ce mu ne, in tafiyar ta kwalta ce sau uku ko huɗu a shekara kuma motar ita ce ta kai yara makaranta, Highlander za mu ɗauka, a yi mata wayar birki yadda ya kamata. In kuwa za a riƙa ja kowane wata ana shiga burji, 4Runner. Kowacce ka saya, loda komai kamar ranar tafiya, ka je sikelin CAT da ke gidajen man manyan motoci, a auna da tirela, a sake aunawa babu ita. Bambancin nauyin da ke kan tayoyin motar shi ne nauyin hancin tirelarka na gaskiya.