Oto-ekol ɗin da ta koya min kod da Hausa a Yamai

Shekara 9 ina tuƙi a Katsina kafin aiki ya kawo ni Yamai. Da na ga zama ya ɗore, sai na ce gara in nemi permi, wato lasisin tuƙi, na nan, hankalina ya kwanta. Maƙwabcina a Yantala ya raka ni wata oto-ekol, wato makarantar koyon tuƙi, ta unguwarmu.

Sitiyari bai dame ni ba, kod, wato dokokin hanya, shi ne ya tsaya min a rai, domin da Faransanci ake karantar da shi, ni kuwa ban yi shi a makaranta ba. A nan malamin ajin ya burge ni ƙwarai. In kowa ya watse sai ya ce, "Alhaji, zauna mu maimaita," ya bi allunan hanya ɗaya bayan ɗaya da Hausa, bai taɓa karɓar ko dala a kan haka ba. Shi ya fahimtar da ni dokar bai wa na dama hanya a mahaɗar da ba ta da wuta ko alama. Allah ya saka masa da alheri.

Motar koyon ce ban ji daɗinta ba. Ta tsufa, giya ta biyu sai da ƙarfi, ga mu huɗu a ciki cikin zafin Afrilu, kafin ka saba an ce sauka. Amma malamin tuƙin ba ya ɓuya a lungu. Gadar Kennedy da cunkoson kasuwar Katako ya riƙa kai mu.

Wajen takardu sun sa na yi sawu biyu saboda ba su faɗa min komai lokaci guda ba. Duk da haka, ƙanena da ke tafe can zan kai shi.