Robar wankin ciki: wata biyu ina amfani da ita, ga abin da na gani

Bayan na gama wankan jego na haihuwata ta biyu ne na sayi kayan nan. Wata mai kayan mata ce ta ɗora a sitatus ɗinta na WhatsApp: roba mai kama da ƙaramin balan-balan, da siririn bututu mai huji-huji a kai, sai kwalbar wani ruwa mai ƙamshin na'a-na'a. Murfi ɗaya ake zubawa a ruwan ɗumi, a zuƙa a robar, a tura bututun cikin gaban mace a matsa. Ta ce yana fitar da dattin mara, yana kashe wari, ga matsi. Naira 8,000 na biya har da kuɗin kawowa.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, satin farko na ji daɗi. Wani sanyi-sanyi kike ji kamar an buɗe taga, robar kuma ba ta yoyo. Sai dai ba ta wankuwa. Duk yadda na zazzage ta sai ruwa ya rage a ciki, kafin wata guda na ga baƙin ɗigo-ɗigo a bakin bututun.

A sati na uku na fara jin bushewa da zafi lokacin kwanciyar aure. Daga nan wani ruwa tsinkakke mai launin toka-toka ya fara zubo mini, da ƙarni irin na kifi, wanda ya fi tashi bayan mun sadu da maigida da kuma ƙarshen al'ada. Ni da ba ni da matsalar komai kafin in saya! Na yi wa mai kayan magana, ta ce, "Hajiyata, ai dattin ne ke fita, ki ƙara kwalba ɗaya." Na ƙara. Daga sau biyu a sati na koma kullum, ƙarnin ya ɓuya da safe, kafin la'asar ya dawo ya fi na jiya.

Kunya ta sa na daɗe ban je asibiti ba. Da na je, likitar mata ta ɗauki ruwan da 'yar auduga mai tsinke aka gwada. Tambayarta ta farko: "Hajiya, kina wanke ciki?" Na ce ƙwarai, har da alfahari. Ta ajiye biro.

Bayaninta ne ya fi tsaya mini a rai. Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a gaban mace, sunansu Lactobacillus, dangin waɗanda ke sa madara ta zama kindirmo. Su ke sa wurin ya yi ɗan tsami, ma'aunin tsaminsa, wato pH, tsakanin 3.8 da 4.5, tsamin nan kuma shi ke hana miyagun ƙwayoyi sakewa. Duk matsar da na yi wa robar nan, masu gadin nake kora. Da suka ragu sai miyagun ƙwayoyi irin su Gardnerella suka cika wurin, ƙarnin daga gare su yake. Maniyyi da jinin al'ada suna rage tsamin, shi ya sa warin ke ƙaruwa bayansu. Ta ƙara da cewa ƙarfin ruwan na iya tura ƙwayoyin cuta sama zuwa mahaifa da bututun ƙwai, kuma an danganta wannan ɗabi'a da ciwon mara mai tsanani, da ciki a wajen mahaifa, da haihuwar bakwaini. Wankin nan ba ya hana ɗaukar ciki, ba ya kare mace daga cututtukan saduwa. Har ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ce a bar shi.

Metronidazole ta rubuta mini, wanda muka fi sani da Flagyl, sau biyu a rana har kwana 7. Ɗacinsa kamar kin tsotsi ƙusa, amma kafin in gama sha ƙarnin ya tafi.

Da na ba yayata labari, ita da take koyarwa a Islamiyya, dariya ta yi ta ce ai ko a Risala an faɗa cewa ba a ɗora wa mai tsarki wanke abin da ya ɓuya na mafita biyu, wato gaba da baya, ba. Na karanta wurin tun ina budurwa, talla ta mantar da ni. Ta kuma ja kunnena a kan cusa alif da garin bagaruwa da ake yi wa amare. Wannan matsin da ake ji bushewa ce kawai.

Yanzu ruwa zalla nake tsarki da shi, a waje kaɗai, daga gaba zuwa baya, in tsane da tawul mai tsabta, in sa kamfai na auduga. Farin ruwa kaɗan marar wari da ƙaiƙayi kuwa na daina ɗaukarsa a matsayin datti, da shi jiki ke wanke kansa.

A maki biyar, ɗaya na ba kayan nan, shi ma don an kawo mini a kan lokaci. Robar na huda ta da wuƙa kafin in jefa a shara, kada yarinyar da ke taya ni aiki ta tsinta. Shekaranjiya mai kayan ta turo mini hoton sabon samfuri mai kanumfari, ban buɗe saƙon ba.