Kemis ɗin Samaru da aka ƙi sayar min da man da naje nema

Salamu alaikum 'yan uwa mata. Tun watan jiya nake cewa zan rubuta wannan abun Allah bai nufa ba sai yau, kuma dalili shine malamai uku kenan a makarantar da nake koyarwa a Tudun Wada suna tare ni da tambayar me nake shafawa fuskata ta lafa haka, to gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Maganar wani ɗan kemis ce a Samaru ta Zariya, ba zan kama sunan shagon ba don ban nemi izinin mai shi ba, amma abinda aka min a wajen ya isa a faɗa.

Bayan haihuwata ta biyu baƙi ya fito min a kumatu duka biyun da saman goshi kamar an shafa toka, ga tabon kuraje a haɓa saboda ni in ƙurji ya fito sai na matse shi hankalina ke kwanciya. Aka haɗa ni da wata mai haɗin mai, ta bani a 'yar roba ba suna ba komai a jiki, tace na goge tabo ne ba bilicin bane. Sati biyu fuska tayi haske tas kowa na cewa masha Allah jego ya karɓe ki. Wajen wata na huɗu labari ya canja, kumatuna suka koma ja, in na tsaya gaban murhu ko rana ta taɓa ni kamar an zuba barkono, wasu siraran jijiyoyi suka fito, ƙananan kuraje birjik, gaɓoɓin yatsuna kuma suka fi da baƙi. In na ɗaga ƙafa kwana uku ban shafa ba ƙaiƙayi ya hana ni barci. Da man ya ƙare matar bata gari, sai ta turo min hoton wani tub ta WhatsApp tace in saya in matse cikin man da nake shafawa kafin ta dawo. Da wannan hoton na shiga kemis ɗin.

Yaron shagon har ya juya zai duba kanta, sai wata mata dake zaune ciki da farar riga tace ya miƙo mata wayar. Ta kalli hoton, ta kalle ni, tace "ƙanwata zo nan bakin ƙofa inda haske yake." Ta ɗan ja hijabina baya ta duba kumatun sosai, tace wata nawa kina shafa haɗin? Nace huɗu da ɗan wani abu Anti. Tace shayarwa kike? Nace eh. Tace wannan tub ɗin klobetasol ne, sitiroid mai ƙarfi sosai, magani ne na wasu cututtukan fata da likita ke rubutawa na ɗan lokaci, kuma ba'a ma son shi a fuska, ita dai ba zata sayar min ba. Wallahi raina ya ɓaci a lokacin, daga Tudun Wada na hau keke har Samaru cikin rana ga goyo, ace baza'a sayar min da abu da kuɗina ba.

Amma ta sa aka bani kujera, ta zauna ta min bayanin da tunda nake ba wanda ya taɓa min. Tace hasken da na gani da farko aikin sitiroid ne, yana matse jijiyoyin jini yana dakushe launin fata, a hankali kuma yana sirantar da fatar har tayi gautsi, shine jijiyoyi ke bayyana, nankarwa ta fito a jiki, kuraje da makero su samu wajen zama. Tace irin haɗin nan sau da yawa har da haidrokwinon a ciki, wato wani sinadarin bilicin, wanda NAFDAC bata yarda ya wuce kashi 2 cikin ɗari a man shafawa ba, kuma in aka daɗe ana shafa shi yakan bar wani baƙi mai shuɗi shuɗi a kumatu da yafi tabon farko wuyar fita. Wasu ma har da zaiba, ita kuma ƙoda take taɓawa, ga jariri a jikinki kullum yana goga fuska a naki. Nan ne jikina yayi sanyi gaskiya, don yarona a kumatuna yake barci. Daga baya ne ma na tuna a 2023 NAFDAC ɗin ta fito ta ce matsalar bilicin ta zama abin gaggawa ga lafiyar ƙasa, lokacin na ji a rediyo na ɗauka da wasu ake ba dani ba tunda ni ai tabo nake gogewa.

Abinda yafi min amfani shine yadda ta raba min tabon gida biyu. Tace na haɓa tabon kuraje ne, duk inda fata taji ciwo ko ta kumbura sai ta zubo da melanin da yawa a wajen, wato sinadarin dake bamu launinmu, kuma mu baƙar fata munfi saurin yin haka, shi yasa matse ƙurji ɗaya ke barin tabon wata da watanni. Na kumatu da goshi kuma melasma ne, wanda ciki ko maganin tsarin iyali ke tayarwa, rana da zafi su ƙara mishi ƙarfi. Na farkon yana tafiya in an daina tsokanarshi, na biyun lallaɓa shi ake, yana iya lafawa ya dawo. Bata ɓoye min wannan ba, kuma shi yasa na yarda da ita, don mai haɗin cewa tayi sati biyu komai ya goge.

Tace maganar janye sitiroid daga fuska ba aikinta bane, inje asibitin koyarwa na ABU dake Shika inga likitan fata, ta rubuta min sunan abinda ke cikin tub ɗin a takarda don in nuna. Naje kuwa, kuma abinda likita ya ɗora ni akai bai saɓa da nata ba, shi ya tsara min yadda zan rabu da haɗin. Sai da fuskar ta huce sannan na koma wajenta na sayi kayan.

Kayan ba yawa. Man kare rana mai SPF 50, azelaik asid mai kashi 20 wanda shine man rage tabon, man laushi mara ƙamshi, da abin wanke fuska mara ƙarfi. Sabulun salo da nake dirza fuska dashi safe da yamma tace in ajiye tukunna yana busar min da fata, lemon tsami da nake gogawa da dare kuwa tace kar in sake, don ruwan lemon tsami in ya haɗu da rana ƙona fata yake ya bar sabon tabo. Dilka da kurkum ma tace ba yanzu ba. Azelaik ɗin ta zaɓar min ne saboda ina shayarwa, tace mayukan tabo masu sinadarin tretinoyin ba'a ba mai ciki, duk mai ciki ko mai neman ciki ta faɗa kafin ta sayi komai.

Azelaik yana ɗan cizo, kwanakin farko in na shafa kamar minti goma ina jin tsikari, don haka na fara da dare ɗaya in tsallake ɗaya. Sati uku ban ga komai ba, asali ma fuskar tayi duhu saboda launina na gaskiya ya dawo, har wata a wajen biki tace ko bani da lafiya ne. Na koma shagon kamar zanyi kuka, Anti tace in ba shi sati 8 zuwa 12 kafin in yanke hukunci. Wajen sati na goma tabon haɓa suka fara dishewa, yanzu wata shida sai na matso madubi sosai nake ganin guda biyu.

Man kare ranan nan shine na raina kuma shine ashe ginshiƙin. Ni a tunanina na turawa ne, mu me rana zata mana. Tace layi biyu a yatsu biyu kowace safiya, fuska da wuya, in zan daɗe a waje in ƙara bayan awa biyu, ko da hazon hunturu ya rufe gari don hasken na ratsowa. Ni da nake tsayuwar asambile da dalibai sannan in tsaya jiran keke a Kofar Doka da azahar, na gane wannan da kaina, satin da man ya ƙare min cikin zafin Afrilu ban samu zuwa saya ba kumatun suka sake duhu a kwana kaɗan. Na farkon da ta bani yana barin fari fari a fuska, na faɗa mata, ta canja min da mai ɗan launin ƙasa tace shi ma yafi dacewa da melasma. Yanzu har lema nake riƙewa.

Inda shagon ya gaza kuwa, kaya da tsada gaskiya, man kare rana ɗaya ya kusa kuɗin robar haɗi biyu kuma baya wuce min wata ɗaya da rabi. Sannan Antin bata zama sai bayan la'asar, in kika je da safe yaron kawai zaki tarar, yana da ladabi amma bayanin fata ba nashi bane. Sau biyu kuma naje azelaik ya yanke sai da na jira kusan sati, ga wajen ƙarami mutum huɗu in sun shiga ya cika, maganar sirri sai kin rage murya. Amma duk abinda na saya da lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jiki, ita da kanta take juya kwalin ta nuna min. In maki ne cikin 10 na basu 8.

Melasman kumatun hagu har yanzu yana nan kaɗan, na dama ne ya kusa ɓacewa, hoda kaɗan ke rufe shi. Wata mai zuwa zan koma Shika likita ya sake dubawa tunda na kusa yaye yaron, kuma ƙanwata da za'a aurar bayan sallah na riga nace mata kafin mai gyaran jiki ta taɓa fuskarta sai mun biya Samaru tukunna, da la'asar.