Madubin hangen nesa mai baki 70mm: gilashin ya yi, ƙafafun sun ba da kunya

Wanda ke niyyar sayen irin madubin hangen nesan nan da ake tallarsa a intanet, mai bakin gilashi milimita 70 da tsawon milimita 400, ga hukuncina tun kafin a yi nisa: gilashinsa ya biya kuɗinsa, ƙafafunsa kuwa ba su cancanci a ɗora musu ko tocila ba. Ni mai walda ne a nan Gombe, ba malamin kimiyya ba, amma ƙarfe da noti da kusa su ne abincina, saboda haka a wannan ɓangaren ba na neman shaidar kowa. Na saye shi a watan Disamban 2024 saboda 'yata ta fari da ke sakandare, wadda ta ishe ni da tambayoyin sama. Har da kuɗin aikowa daga Legas ya tasar ma naira 90,000.

A jikin kwalin an rubuta da manyan baƙaƙe wai yana girmama abu sau 200, ga hoton duniyar Zuhal (Saturn, mai zobe) cike da launi ta mamaye rabin kwalin. Kada wannan ya ruɗe ka. Lissafin ba wuya: tsawon madubin ake rabawa da lambar da ke jikin ƙaramin gilashin da ake kanga ido a kansa. Guda uku ne a cikin kwalin, mai 25 da mai 10 da mai 6. Na farko yana ba da sau 16, na biyu sau 40, na uku kusan sau 67. Sai wani bututun roba da ke ninka kowane sau uku, shi ne dabarar da suka bi suka kai 200 ɗin. Da ka ɗaura shi, abin da za ka gani duhu ne da dishi-dishi. Masu wannan harka suna cewa iyakar girmamawa mai amfani ita ce ninki biyu na faɗin baki, wato 140 ga irin nawa, kuma wannan sai gilashi mai tsada a dare mai kyau. Nawa daga ya wuce sau 60 sai hoto ya fara lalacewa, gefen duk abu mai haske ya yi shuɗi-shuɗi. Bututun nan yana cikin kwali har yau, ba mai tambayarsa.

Ashe ma amfanin madubi ba a girmamawa yake ba, a tara haske yake. Ƙwayar idon mutum in ta buɗe a duhu ba ta wuce milimita 7, shi kuwa bakin nan 70 ne, wato yana kwasar haske kusan ninki 100 na ido. Shi ya sa in ka juya shi kan Kaza da 'Ya'yanta, inda ido ke ƙirga shida ko bakwai, sai ka tarar da taurari gommai sun cika da'irar.

Wata ne dai ya fanshi kuɗin. Ba daren sha huɗu ba, domin ran nan hasken yana kashe ido kuma fuskarsa a shafe take. Ka nema shi tsakanin bakwai da goma ga wata, ka duba daidai layin da haske ya haɗu da duhu. A nan rana ke bugun duwatsun a karkace, inuwarsu ta miƙe, sai ramuka su fito ɓaro-ɓaro da bakinsu da zurfinsu. Akwai ramin da ake kira Copernicus, faɗinsa kilomita 93, ya wuce rabin tafiyar Gombe zuwa Bauchi. A sau 40 muna ganin bangonsa, da inuwar da ta kwanta a cikinsa, in ka dawo gobe kuma inuwar ta janye. Duk wannan a nisan kilomita 384,400. Wani yaron shagona ya dage sai an nuna masa tutar da 'yan Amurka suka kafa a 1969. Filin da suka sauka dai ana ganinsa, wani shimfiɗaɗɗen wuri mai duhu, amma madubi irin wannan ba ya rarrabe abin da bai kai kilomita uku ba a can. Ya tafi yana cewa dama shi bai yarda sun je ba, na ƙyale shi.

Goggona da ke zaune da mu, wadda ta haura saba'in, da farko cewa ta yi ba ruwanta da leƙen abin da ba a aike ta ba. Daren da ta yarda, ta daɗe a sunkuye, sannan ta ɗago ta ce, "Kai ɗan nan, ashe watan ma duk tabo ne a jikinsa?" Na ce, "Goggo, duwatsu ne suka yi ta faɗo masa, kuma can ba ruwan sama ba iska da za su share wurin." Ta ce Allah mai iko, ta sake sunkuyawa.

Mushtari, wato Jupiter, shi ma bai ba mu kunya ba. Lokacin da madubin ya iso yana kusa da mu, yana fitowa ta gabas da magariba. A sau 40 ana ganinsa ƙaramin faifai, da ɗigo huɗu a jere a gefensa, in iska ta kwanta har da ratsi biyu masu duhu a jikinsa. Ɗigon nan watanninsa ne, Io da Europa da Ganymede da Callisto, su ne masanin taurari Galileo ya gani a Italiya a farkon 1610 da madubin da bai kai wannan ƙarfi ba. 'Yata ta samu littafi tana zana inda suke kowane dare. Yau uku a dama ɗaya a hagu, gobe biyu-biyu, wani daren ɗaya ya ɓace domin ya shiga bayan uwar. Ba wanda ya gaya mata suna kewayawa, zanenta ne ya nuna mata. A ganina wannan kaɗai ya fi darasin zango guda.

A farkon azumin 2025, bayan shan ruwa, mun juya shi kan Zara a yamma. Tauraruwar da ido ke gani a dunƙule sai ga ta siririyar lauje, har maƙwabcina ya rantse wata na nuna masa. Rana take kewayawa a cikin da'irar da ta fi tamu ƙanƙanta, shi ya sa muke ganin ɓangaren da ke haske yana raguwa yana ƙaruwa. Kafin ƙarshen Maris ta ɓace daga yamma, ta koma fitowa da asuba a gabas.

Zuhal ita ce ta jikin kwali, kuma a nan ne mutum zai ji an cuce shi in bai shirya ba. Abin da ke cikin madubin kamar ƙwayar gero ce da aka soke da allura. Ba laifin gilashin ne kaɗai ba. A Maris na 2025 zoben ya juyo mana da kaifinsa, abin da ke faruwa duk bayan shekara 13 zuwa 15, kuma yanzu ne yake sake buɗewa a hankali. Taurari kuwa, duk yadda ka girmama su, ɗigo ne. Launukan da kake gani a hotunan intanet aikin manyan na'urori ne irin Hubble da ke sama tun 1990.

To, ƙafafun. Alminiyom ne mara kauri wanda yatsa biyu ke lanƙwasawa, tsayinsu bai kai ƙirjin babba ba, kan da madubin ke zama a kai kuma roba ne. In ka saita abu ka ɗaure notin, sai bakin ya sunkuya kaɗan, abin ya fice. In ka taɓa wurin daidaita gani, hoton ya yi ta rawa sai ka ƙirga biyar kafin ya tsaya. Ga shi duniya ba ta jiran kowa, tana juyawa digiri 15 a awa guda, don haka abin da ka kama yana silalewa daga da'irar, kana binsa, kowane taɓi kuma rawa. Yara sun fara gajiya. Na ɗauki fayif mai inci uku na yi masa gindi da tsohon rim na mota, na ɗora kai na ƙarfe da za a iya matsewa daidai. Tun ranar madubin ya zama wani abu dabam. Wanda ba shi da mai walda a kusa, ya rataya galan cike da yashi a tsakiyar ƙafafun, kada kuma ya zare su duka, ya zauna a kujerar tsugunno. Yana ragewa.

Ɗan ƙaramin madubin saiti da ke bisa kansa shi ma roba ne. Ka daidaita shi da rana tsaka a kan hasumiyar masallaci ko turken sabis mai nisa, in ba haka ba za ka kwana kana laluben sama. Maƙalin waya da suka haɗo yana ɗaukar hoton wata, bayan shi ba ya komai. Abin da ya taimake mu ƙwarai manhajar Stellarium ce, kyauta, tana aiki ko ba data. Ka ɗaga waya ta gaya maka sunan abin da ke gabanka.

Sai yanayin garinmu. Fitilun sola na kan titi alheri ne, amma sun cinye rabin taurarin cikin gari. Wata da Mushtari ba ruwansu, ana ganinsu daga tsakar gida. Sauran kuwa sai mun fita ta hanyar Dukku, mun bar hasken gari a baya. Hazon hunturu yana dusashe komai, kuma ƙurarsa na kwanciya a gilashi, kada ka goge da bakin riga, zai karce. Mafi kyawun sama da muka samu a Oktoba da Nuwamba ne, damina ta wanke iska, hazo bai sauko ba.

Duk ƙarshen Sha'aban sai an turo a tambaye ni ko zan fito da shi neman jinjirin wata. Ba na fitowa da shi sai rana ta faɗi ƙurmus. Jinjiri yana kusa da inda rana take, kuma kallon rana sau ɗaya ta cikin wannan gilashi ya isa ya ƙona ido har abada, ba tare da mutum ya ji zafi ba. Ga shi abin da yake nunawa ɗan yanki ne na sama, madubi mai ido biyu ya fi shi saurin kamawa. Sanarwa kuma daga fadar Sarkin Musulmi take fitowa, ba daga tsakar gidana ba. Saboda wannan haɗari ne ma ba na barin shi a hannun yara da rana, a kulle yake a ɗakina.

Mai sayarwar ya aiko a kan lokaci, ba abin da ya fashe, sai dai takardar bayanin shafi guda ce kuma da na tambaye shi yadda ake saiti, hoton kwalin ya sake turo mini. In za ka saya, ka tambayi faɗin baki da lambobin ƙananan gilasan, ka manta da "sau kaza". Ka kuma tambayi gwiwar da ake ɗaura gilashin ido a kai. Tawa mai digiri 45 ce, ta dace da kallon tsuntsaye a Dadin Kowa, amma in abu ya hau tsakiyar sama wuyanka zai gaya maka. Mai digiri 90 ake so, ita nake nema yanzu.