Shirin Mandela Washington Fellowship: me yake ba matashi, me ba ya bayarwa

Ga matashin da ke harkar al'umma ko aikin gwamnati, yake kuma son ganin yadda takwarorinsa na wasu ƙasashe ke gwagwarmaya, wannan shiri ya cancanci nema idan an buɗe shi. An fara shi a 2014 ƙarƙashin YALI, shirin horar da matasan shugabannin Afirka wanda gwamnatin Obama ta ƙaddamar a 2010. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ke ɗaukar nauyi, ƙungiyar IREX ke gudanarwa.

Ana neman mai shekara 25 zuwa 35, ɗan wata ƙasa ta Afirka kudu da Sahara, mazaunin can. Fom ɗin a intanet yake, kuma kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya shigar da sunanka, ɗan damfara ne. Za ka zaɓi fanni guda cikin uku: kasuwanci, hidimar al'umma, ko tafiyar da aikin gwamnati. Wanda ya dace zai yi mako shida a wata jami'ar Amurka, kuma masu shirin ke biyan jirgi, biza, masauki da abinci.

Wurin rubutun ne aka fi faɗuwa. "Ni matashi ne mai kishin ƙasa" ba ya kai kowa ko'ina. Faɗi abin da ka yi, a wace unguwa, mutum nawa ya shafa, me ya sauya. Wanda ya ari rubutun wani kan tonu a gaban masu tantancewa na ofishin jakadancin Amurka, domin baki ba ya iya kare aikin da hannu bai yi ba. Kada kuma a bari sai ranar rufewa, intanet na iya yanke maka.

Ribar da ta fi darussan aji ita ce mutanen. Kowace jami'a kan karɓi kimanin mutum 25 daga ƙasashe daban-daban. Mai bin diddigin kasafin ƙaramar hukuma zai zauna da ɗan Kenya ko 'yar Senegal masu irin aikinsa. Ɗan Najeriya ma yana da abin koyarwa: gyaran tsarin mulki na 2018 ya rage shekarun takarar majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, kuma matasa ne suka matsa har aka yi.

Babban aibinsa Turanci. Komai da shi ake yi, don haka matashin Damagaram ko Maraɗi mai Faransanci da Hausa, ko da ya fi kowa aiki a ƙasa, tun a ƙofa ake tsayar da shi. Wannan rashi ne babba. Sannan shirin ba ya koyar da abin da ke kayar da matasa a siyasarmu: kuɗin fom na jam'iyya, iyayen gida, da cinikin daliget a zaɓen fidda gwani. Bizar ma ta musayar ilimi ce, dole a dawo gida, kuma babu alkawarin jari bayan an dawo.